Kuala Lumpur ko Singafo: ina za a nufa idan hutun gajere ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina da yaranmu biyu, mai shekara 9 da mai shekara 6, mun samu hutun kwana huɗu, ban da ranakun da za mu yi a jirgi. Mun tsaya a kan birane biyu, Kuala Lumpur da Singafo. Guzurinmu matsakaici ne. Abin da ya fi damunmu shi ne abincin halal, wurin sallah, da kuma kada yara su galabaita da yawo. Wanne kuka ga ya fi dacewa da mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da waɗannan sharuɗɗan da ka lissafo, Kuala Lumpur za mu ce ku je. Amma bari mu baje maka lissafin, don in wani abu ya sauya ka san inda za ka karkata.

Biranen nan maƙwabta ne, tsakaninsu kimanin kilomita 350 ta mota. Agogonsu ɗaya, zafinsu ɗaya, wajen digiri 31 zuwa 33 da rana duk shekara, har soket ɗin wutarsu iri ɗaya ne, mai ƙafa uku masu kusurwa. Inda suka rabu shi ne abin da kowacce take ci wa baƙo. Singafo kuɗi take ci, ta bar maka lokacinka. Kuala Lumpur lokaci take ci, ta bar maka kuɗinka. Mai kwana huɗu da iyali yana da lokacin da zai iya bayarwa, shi ya sa muka zaɓa maka ita.

Fara da masauki, don nan ne kuɗi ya fi zurarewa. Dalar Singafo ɗaya tana canzuwa a wajen ringgit 3 na Malesiya, kuma ɗakunan otal a Singafo ƙanana ne, wasu masu rahusa ma babu taga. Da yawansu ba sa yarda mutum huɗu su kwana a ɗaki ɗaya, sai a kama biyu. Kuɗin da za ka biya a ƙaramin ɗaki a can yakan isa ya kama maka gida mai ɗaki biyu da kicin a tsakiyar Kuala Lumpur. Ka sani dai ana karɓar harajin yawon buɗe ido na ringgit 10 a kan kowane ɗaki kowane dare daga baƙin ƙasashen waje, sau da yawa a teburin karɓar baƙi, don haka kada ka ɗauka cutarka ake yi.

Wurin da ka sauka shi zai sa tafiyar ta yi daɗi ko ta yi wahala. Kuala Lumpur ba gari ne na mai tafiya a ƙasa ba. Manyan tituna sun yayyanka ta, wuri yana iya zama kusa a taswira amma babu hanyar tsallakawa. Ka nemi masauki a KLCC, unguwar tagwayen benayen Petronas, ko Bukit Bintang, ko kusa da babbar tashar KL Sentral, kuma kada nisansa da tashar jirgin ƙasa ya wuce tafiyar minti biyar. Layin da zai fi yi maka aiki shi ne Kelana Jaya: daga KL Sentral ya tsaya a Pasar Seni, sai Masjid Jamek, sai Dang Wangi, sai Kampung Baru, sai KLCC. Kusan rabin abin da za ku gani yana kan wannan layin. Ka sayi katin Touch 'n Go ka zuba masa kuɗi, ya raba ka da bin layin injin tikiti. Manhajar Grab ta kiran motar haya kuma ka sauke ta a waya tun kafin ka baro gida. Daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 8 na dare ku guji mota, musamman in an yi ruwa, don cinkoso yakan tsayar da gari, kuɗin Grab kuma ya haura.

Filin jirgin KLIA yana Sepang, kimanin kilomita 50 kudu da gari. Jirgin ƙasa na KLIA Ekspres yana kai mutum KL Sentral cikin minti 28 daga tasha ta ɗaya ta filin jirgin, a kan ringgit 55 ga babba. Amma mutum huɗu da akwatuna, motar Grab mai kujera shida takan fi sauƙi, ta kuma ajiye ku a ƙofar masauki cikin kusan awa guda in hanya a sake take. Ranar komawa ka duba tikitinka da kyau, tasha ta ɗaya da ta biyu gine-gine ne daban, ba a taka ƙasa a je daga wannan zuwa waccan.

Batun abinci, nan Kuala Lumpur ta yi wa Singafo nisa. Sama da kashi 60 cikin 100 na mutanen Malesiya Musulmi ne, kuma hukumar JAKIM ce ke ba da shaidar halal, tambarinta a manne yake a ƙofar shago ko kusa da mai karɓar kuɗi. A Kampung Baru za ku samu abincin Malayawa irin su nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa ana ci da yaji da gyaɗa da ƙwai. Shagunan mamak, na Musulmi 'yan asalin Indiya, suna ko'ina, da yawansu ba sa rufewa da dare, kuma yara kan so roti canai, gurasa mai laushi da ake tsomawa a miya. Wuri ɗaya za mu ja kunnenka: titin Jalan Alor da ake yawan tallatawa, yawancin shagunansa na abincin Sinawa ne, akwai naman alade da giya. Kuma allon da ya ce ba a sayar da naman alade ba shaidar halal ba ne, don ana iya dafa abinci da giyar girki, ko naman ya zama ba yankan Musulmi ba. Tambarin za ka nema, ko ka tambaya kai tsaye, ba wanda zai ga baƙinka.

Wurin sallah kuwa, kalma ɗaya za ka riƙe: surau. In ka gan ta a allo, ɗakin sallah ne mai wurin alwala, maza daban mata daban. Akwai shi a manyan kantuna, da filin jirgi, da manyan tashoshi. Lokutan sallah za su ba ka mamaki a ranar farko, don agogon ƙasar ya yi gaba da rana. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7, azahar takan shiga wajen ƙarfe 1 ko bayansa kaɗan, magariba kuma wajen 7 na yamma. In Juma'a ta riske ku, Masjid Negara da aka buɗe a 1965 yana kusa da KL Sentral, Masallacin As-Syakirin kuma yana gefen lambun KLCC.

Yadda za ku raba kwanakin, ƙa'ida ɗaya ce: waje da safe, ciki da yamma. Ruwan garin yakan sauko ne bayan azahar, da tsawa, ya yi awa ɗaya ko biyu ya ɗauke. Ranar farko kada ku tsara komai mai nauyi, barci zai rikice wa yara. Lambun KLCC ya ishe ku, yana da filin wasa da ɗan tafkin wankan yara kyauta, ga tagwayen benayen Petronas a kanku. Benayen nan tsayinsu mita 452, hawa 88, kuma su ne mafi tsayi a duniya daga 1998 zuwa 2004. In kuna son hawa gadar da ta haɗa su a hawa na 41 da wurin kallo a hawa na 86, ku sayi tikiti ta intanet tun saura kwanaki, don na lokaci ne ƙayyadadde, yana ƙarewa, kuma ba kowace Litinin ake hawa ba. Mutane da yawa sun zo har ƙofa sun koma saboda wannan.

Rana ta biyu ku ba tsohon gari: Masjid Jamek na 1909, wanda yake daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, sai dandalin Merdeka inda aka ɗaga tutar 'yancin kai ranar 31 ga Agusta, 1957. Da rana ta take ku shiga Gidan Adana Kayan Fasahar Musulunci da ke kusa da Masjid Negara. A ganinmu shi ne abin da baƙi suka fi yi wa rowar lokaci alhali ya fi cancanta. Akwai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu, da ƙananan siffofin manyan masallatan duniya da yara kan tsaya su daɗe suna leƙawa. Ku ba shi awa biyu cur. Gidan tsuntsaye na KL Bird Park yana nan kusa.

Kogunan dutse na Batu suna arewa da gari kimanin kilomita 13, jirgin ƙasa na KTM Komuter yana zuwa har ƙofa, sai dai ba ya yawan tashi, a duba jadawalinsa. Wurin ibadar Hindu ne, a shiga da ladabi da suturar da ta rufe gwiwa. Matakala 272 ce, ku isa kafin ƙarfe 9 na safe. Birai sun saba da fizge leda da kwalbar lemo daga hannun mutane, don haka kada yaro ya riƙe abinci a fili. In tafiyar ta faɗo lokacin bikin Thaipusam, a Janairu ko Fabrairu, ku haƙura da wurin, cikar ta fi ƙarfin yara. Rana ta ƙarshe, in da sauran ƙarfi, jirgin ƙasa na KLIA Transit zai kai ku Putrajaya cikin kimanin minti 20, ku ga Masjid Putra mai ƙubba ruwan hoda a bakin tafki. Daga tashar ku hau mota, garin a warwatse yake.

Abin da zai sa mu juya maka shawara zuwa Singafo shi ne in kwanakin sun ragu zuwa biyu, ko akwai tsoho ko keken jariri a tafiyar. Can kowace tashar jirgi tana da lif, hanyoyin ƙafa kuma a shimfiɗe suke.

Tambaya: Ni kaɗai zan yi tafiya, mace ce, kuma kwana biyu da yini ɗaya kawai nake da su. Raina ya fi kwantawa da Singafo, amma ana ta tsorata ni da tsada da yawan cin tara. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, ranki ya kwanta a inda ya dace. Ga mai kwana biyu ita kaɗai, Singafo ta fi. Filin jirgin Changi yana da nisan kimanin kilomita 20 daga tsakiyar gari, jirgin ƙasa na MRT yana ɗaukar mutum daga cikin filin, a sauya a tashar Tanah Merah. Katin bankinki na Visa ko Mastercard mai taɓawa ya isa ya buɗe ƙofar tasha da ta bas, sai dai ana ɗora ɗan kuɗin hidima a kan katin ƙasar waje. Ki taɓa da kati ɗaya a shiga da fita, kuma ki ciro shi daga jaka, don in katuna biyu suka haɗu injin na iya cirar kuɗi daga wanda ba ki nufa ba. Gari ne da mace take tafiya ita kaɗai da dare hankali kwance.

Tsadar gaskiya ce, amma a wuri biyu ta taru: ɗakin kwana da tikitin wuraren wasa. Sauran kina iya kauce mata. Lambun Botanic Gardens, wanda aka kafa a 1859 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2015, shigarsa kyauta ce, sashen furannin okid kaɗai ake biya. A lambun Gardens by the Bay, tsayawa a ƙarƙashin manyan itatuwan ƙarfen nan kyauta ne, haka wasan fitilun da ake yi ƙarfe 7:45 da 8:45 na dare. Rumfunan gilashi biyu ne ake sayen tikitinsu, kuma in ɗaya za ki shiga, ki zaɓi Cloud Forest. Ruwan da yake zubowa daga rufin ginin Jewel a Changi, mai tsayin mita 40, ki bar shi zuwa ranar tafiya, ki je filin jirgi da wuri ki gan shi kafin ki wuce shige da fice.

Ki nemi masauki a Bugis ko Kampong Glam, kusa da Masallacin Sultan. Musulmi kusan kashi 15 cikin 100 ne a ƙasar, don haka halal ba ko'ina yake ba, amma a unguwar nan kusan kowane lungu akwai shi. Hukumar MUIS ce ke ba da shaida a nan. Abinci mai sauƙi yana cibiyoyin masu sayar da dafaffen abinci, inda rumfuna da yawa suke kewaye da tebura na kowa da kowa. Tekka Centre a Little India da kasuwar Geylang Serai sun fi yawan rumfunan Musulmi. In kika ga ƙunshin tishu ajiye a kan tebur babu kowa, wani ne ya kama wurin ya tafi sayen abinci, ki nemi wani. In kin gama ki ɗauke tirenki da kanki, doka ce tun 2021, kuma wurin ajiye tiren halal daban yake da na sauran. A gidajen abinci na zama kuwa, in kika ga alamar tarawa biyu a bayan farashi, ana nufin za a ƙara kashi 10 na hidima da kashi 9 na harajin kaya.

Tara kuma ba a cin mutum haka kawai. Ci ko sha a cikin jirgin MRT ko tasharsa, ko da ruwa ne, tararsa tana kai dala 500 ta Singafo. Ba a yar da shara, ba a tsallaka titi sai a inda aka ware, ba a shigo da cingam, sigarin lantarki kuma haramun ne ko riƙe shi. Wanda ya kiyaye waɗannan zai gama kwanakinsa bai yi magana da ɗan sanda ba. Ɗakunan sallah a kantuna ba su kai na Kuala Lumpur yawa ba, don haka ki tsara yawonki ta yadda azahar da la'asar za su same ki kusa da masallaci.

Tambaya: Tunda kusa suke da juna, me zai hana in yi kwana biyu nan, biyu can?

Amsa: Taura biyu ba ta taunuwa, ɗan'uwa. Jirgin sama tsakaninsu awa ɗaya ne, gaskiya, amma ka ƙara awa ɗaya zuwa KLIA, awa biyu na jira, da wata awar ta shige da fice da isa masauki. Awa biyar ke nan, ga haɗa kaya, ga otal da yake sallamar baƙi da tsakar rana, sabon kuma ba ya ba da ɗaki sai wajen ƙarfe 2 ko 3. Bas yana ɗaukar awa biyar zuwa shida, ana sauka sau biyu a kan iyaka, a ɗayan har da jan akwatuna, kuma in jami'i ya tsare ka da tambayoyi direba na iya tafiya ya bar ka. Yini guda cikin huɗu ya tafi a banza.

Akwai kuma tarkon biza. In bizarka ta Malesiya ta shiga sau ɗaya ce, ranar da ka tsallaka Singafo ta mutu, alhali jirgin komawarka daga Kuala Lumpur zai tashi. Ban da haka, masu fasfon wasu ƙasashe ta jirgin sama kawai aka yarda su shiga Malesiya, ba ta iyakar ƙasa ba. In kana da mako guda ko fiye, haɗa su ya yi, amma ka sayi tikitin da zai sauke ka a ɗaya ya ɗauke ka daga ɗayan.

Tambaya: Waɗanne takardu ake nema, kuma wane wata ya fi dacewa?

Amsa: Kafin ka biya kuɗin jirgi ko otal, ka fara duba ko fasfonka yana buƙatar biza a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar da ka zaɓa, don wani lokaci wannan kaɗai yake yanke hukunci tsakanin biranen biyu. Kowacce bizarta daban. Ta Singafo ana nemanta ne cikin kwana 30 kafin tafiya, ta hannun wakilin da aka amince da shi ko wani mazaunin ƙasar da zai tsaya maka. Dukansu suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, da tikitin komawa, da shaidar masauki. Ka buga waɗannan a takarda, kada ka dogara da waya.

Kowace ƙasa tana da katin isowa da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin sauka: MDAC na Malesiya, SG Arrival Card na Singafo. Dukansu kyauta ne. Duk shafin da ya nemi ka biya, ba na gwamnati ba ne, ka fita. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, ko ya ratsa ta, sai ya nuna katin rigakafi, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta. A Singafo wanda ba shi da katin ana iya killace shi har kwana shida, ka ga hutun ya ƙare ke nan. Magunguna a bar su cikin kwalinsu tare da takardar likita, kuma wasu, irin masu kodin da na sa barci, Singafo tana son a nemi izininsu tun kafin a zo. Kada ka karɓi saƙon kowa ka sa a jakarka, ko wane ne shi. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a ƙasashen nan biyu yana kaiwa ga kisa.

Wata kuwa, babu na sanyi, babu kuma wanda ruwa ba ya sauka. Singafo ta fi shan ruwa daga Nuwamba zuwa Janairu. Kuala Lumpur ta fi shan nata a wajen Maris da Afrilu, da kuma Oktoba da Nuwamba. A wasu shekarun, tsakanin Agusta da Oktoba, hayaƙin gobarar daji daga Indunusiya yakan lulluɓe biranen biyu, mai asma ya sa wannan a lissafi. Abin da ya fi ruwa ɓata tafiya shi ne kalanda. A makon sabuwar shekarar Sinawa, cikin Janairu ko Fabrairu, ƙananan shaguna da yawa suna rufewa. A ƙaramar sallah mutanen Kuala Lumpur suna komawa garuruwansu, tikitin bas da na jirgi su yi wuya, rumfunan abincin Malayawa su yi kwanaki a rufe. A Singafo kuma makon tseren motoci na Formula 1, wajen Satumba ko Oktoba, kuɗin otal yana tashi sosai, ana kuma toshe titunan Marina Bay. Ka duba ranakun waɗannan uku na shekarar da za ka tafi kafin ka tsayar da rana.